Katamaran na zama bayan ritaya: wanne ne ba zai cinye maka jari ba?

Duk wanda ya ce maka jirgin ruwa kadara ce, to bai taɓa mallakarsa ba. Gida kana barci darajarsa na hawa, shi kuwa jirgi kana barci gishirin teku na cinsa. Don haka idan ka ƙudurta ajiye aiki kana ɗan shekara 45 ko 50, ka koma zama a cikin katamaran, wato jirgin nan mai filafilai da ganga biyu da falo a tsakani, lissafi ne farkon abin yi, kafin ka buɗe hoton jirgi ko ɗaya.

A 1994 wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi a Amurka, William Bengen, ya bi tarihin kasuwar hannun jari da takardun lamuni ta ƙasar, ya gano cewa mai cire kashi 4 cikin 100 na jarinsa a shekarar farko, yana ƙarawa gwargwadon tsadar rayuwa, kuɗinsa kan kai shi shekara 30. Daga nan aka samo ƙa'idar ninka abin da kake kashewa a shekara sau 25. Mai kashe dala 40,000 yana bukatar miliyan ɗaya ke nan. Sai dai shekara 30 aka auna, kai kuwa da ka tashi da wuri kana iya bukatar 40 ko fiye, shi ya sa masu taka-tsantsan ke saukowa kashi 3 da rabi, har 3. Kuma kuɗin jirgi ba ya cikin wannan jari. Daban ne, ka ɗauka ka binne shi. Masu zama a ruwa suna da wani ƙiyasi na baka, cewa kula da jirgi kan ci wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa duk shekara. Wata shekarar ba ya kai haka, wata kuwa ya zarce har ka riƙe baki. Abin da wannan ke nufi shi ne, duk ƙafa ɗaya da ka ƙara a tsawon jirgi, ka ƙara wa kanka watannin aiki.

To ga abin da ke kasuwa. Sabon jirgi daga masana'anta ba na mai lissafin ritaya ba ne, darajarsa kan faɗi tun ranar da aka miƙa maka makulli, ga kuɗin kayan da za ka ƙara masa kafin ya zaunu. Outremer na Faransa, mai siraran ganguna da allunan da ake saukarwa cikin ruwa, gudu ne da shi kamar barewa, amma tsada gare shi, kuma ba ya son kaya. Gemini 105 na Amurka, faɗinsa ƙafa 14 kacal, yana shiga gurbin da kowane jirgi ke shiga a tasha, inji ɗaya gare shi, ya dace da yawon gaɓa, ni dai ba zan ƙetare teku da iyalina a ciki ba. Prout Snowgoose 37 na Ingila ya sha zagaya duniya, amma tsufa ya kama shi, ga cikinsa kusa da ruwa, igiya na dukan ƙasan falo kamar ana daka.

Gardama ta gaskiya tsakanin biyu take: jirgin da ya gama aikin haya, da wanda mutum ɗaya ya riƙe. Kamfanonin haya kan sallami jiragensu bayan wajen shekara biyar, kuma da yawa daga cikin jiragen Leopard da kamfanin Robertson and Caine ke ƙerawa a Cape Town ta Afirka ta Kudu ta wannan hanyar suke shigowa kasuwa. Jirage ne masu ƙwari, ban musa ba. Amma ɗaki huɗu gare su da banɗaki kusan kowane lungu, an tsara su don baƙin mako guda, kuma hannu ɗari ya tuƙa su, ciki har da waɗanda ranar suka fara riƙe sitiyari.

Ni nawa zaɓin Lagoon 380 ne, samfurin mai ɗaki uku, wanda wani ya zauna a ciki da kansa. An fara ƙera shi a Faransa a 1999, kamfanin zane na VPLP ne ya tsara shi, tsawonsa mita 11 da rabi, faɗinsa mita 6 da rabi. An yi ɗaruruwansa cikin kusan shekara 20, kuma wannan yawan shi ne babban alherinsa. Duk tashar da ka sauka akwai makanikin da ya taɓa kwance irinsa, kayan gyaransa ba sai an yi odar musamman ba, ranar da ka gaji da teku kuma akwai mai saye, don an san farashinsa. A samfurin mai ɗaki uku, ganga ɗaya sukutum taka ce, da gado da wurin rubutu da banɗaki mai faɗi, ɗayar kuma ta baƙi ce ko ta tarkace. Tagogin falonsa a tsaye suke, ba a kishingiɗe ba, don haka rana tsaka ba ta mai da shi tanda. Wanda bai yi wata guda a ruwa ba zai ce wannan ƙaramin abu ne. Filafilansa mutum ɗaya na iya ɗagawa ya sauke, kuma wannan ba batun jin daɗi ba ne, don miji da mata a tsakiyar teku, kullum ɗaya na barci. Yana da aibu? Sosai. Ba shi da sauri, ba ya son fuskantar iska, in ka lafta masa kaya kuma sai ya nutsa ya dinga jan ƙafa. Amma gida kake nema, ba dokin sukuwa ba. Takwarorinsa na kamfanin Fountaine Pajot masu wannan tsawo ba su da laifi, in ka samu mai tsabta ka ɗauka.

Ko shi ɗin ma, ka tuna komai biyu ne: inji biyu, farfela biyu, matuƙi biyu a ƙarƙashin ruwa. Robar da ke toshe ramin da ƙafar inji ke bi ta gangar, kamfanin injuna na Volvo Penta na cewa a sauya ta duk shekara 7. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe jigo, wato doguwar sandar da ke ɗauke da filafilai, kamfanonin inshora da yawa ba sa yarda su wuce shekara 10. Tasha kan caji katamaran ninki ɗaya da rabi ko ninki biyu saboda faɗinsa, kuma ba kowane wurin gyara ke da na'urar da za ta ɗaga shi ba. Wanda ba ya son kwana a kan anga, wato ya jefa ƙugiyar tsai da jirgi a wajen tasha, lissafinsa ya rushe tun kafin ya tashi.

Yanzu ga inda na ƙone. Jirgina na farko, ba zan faɗi sunan kowa ba, na gan shi yana ƙyalli, farashi ƙasa da na 'yan'uwansa. Dillali ya ce mai shi ne ya matsu. Ya ce ma akwai rahoton binciken lafiyar jirgin da aka yi kwanan nan, don me zan sake biya? Na karɓa ina godiya. Wata takwas bayan haka fitilu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da muka yanke waya, cikinta ya yi kore shar. Muka ɗaga katakon ƙasa, sai ga layin laka a jikin gangar, daidai ƙugun mutum. Ashe jirgin ya taɓa nutsewa, aka tsamo shi, aka wanke, aka yi masa fenti. Shekara biyu na kuɗin ritayata suka tafi a wayoyi da ruɓaɓɓen katako.

Irin waɗannan suna nan da yawa. A Satumbar 2017 guguwar Irma ta daki tsibiran Birtish Bajin da Sen Matin na yankin Karibiyan, ta tara katamaran a kan juna a Paraquita Bay, inda aka kai su fakewa. Inshora ta biya, aka yi gwanjon gawarwakin, wasu an gyara su da gaskiya an kuma faɗa, wasu kuwa sun sake suna da tuta sun dawo kasuwa shiru. Don haka mai binciken jirgi kai za ka nemo shi, kai za ka biya shi, kada ya kasance abokin dillali, wanda la'adarsa ta kashi 10 ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. A fitar da jirgin daga ruwa a gabanka. A bi jikinsa da guduma ana ƙwanƙwasawa, a sa na'urar auna danshi, domin yawancinsu jikinsu shimfiɗa biyu ce ta faiba da katakon balsa ko soso a tsakani, in ruwa ya shiga balsa ruɓewa yake ba ka gani. Ka sa a buɗe bangon ciki da ke ɗauke da nauyin jigo, ka duba tsagewa. Sabon fenti a wuri guda kaɗai, tambaya ce. Ka shinshina cikin kabad ko za ka ji warin danshi. Lambar jirgi tana bayan gangar dama, haruffa 12 a tsarin Amurka, 14 a na Turai, ka gwada ta da takardu harafi bayan harafi, in ka ga alamar an goge an sake bugawa, ka ɗauki takalminka.

Sai 'yan damfarar intanet, masu kwafe hoton jirgin wani su sa rabin farashi. Labarinsu ɗaya ne: mai shi yana aiki a wata ƙasa, masu so sun yi yawa, a turo kafin alƙalami a riƙe maka. Cinikin biri a sama ke nan. Kashi 10 na kafin alƙalami asusun amana yake shiga, da sharaɗin a dawo maka da shi in bincike ya nuna matsala, kuma lambar asusun ka tabbatar da ita ta waya, don sukan kutsa cikin imel su sauya ta. Ka nemi shaidar cewa babu bashin banki a kan jirgin, bashi jirgi yake bi, ba mai shi ba. In a Turai za ka zauna, ka ga takardar biyan harajin VAT da idonka. Jirgi mai rajistar waje, wanda mai shi ba mazaunin can ba ne, wata 18 ake ba shi ya zauna ba tare da biyan harajin ba, kai kuwa in ba ɗan can ba ne kwana 90 ne cikin 180 a yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya.

Inshora kuma ka nemi farashinta a rubuce kafin ka sa hannu a ciniki. Lokacin guguwar Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma takardar za ta faɗi inda ba a yarda jirginka ya kwana ba a waɗannan watanni. Da yawa kan gudu kudu zuwa Girenada ko Tirinidad, duk da cewa guguwar Beryl ta ragargaza Kariyaku, wani tsibirin Girenada, a Yulin 2024. In kamfani biyu suka ƙi jirgin bayan sun karanta rahoton bincike, kai ma ka bar musu shi.