Mako takwas ina koyon rubutun Maya ta intanet

Hoton wani dutse daga Palenque, a kudancin Meksiko, shi ya ja ni. Cike yake da kawunan mutane da na dabbobi, aka ce mini wai rubutu ne. Da na ga tallar kwas na mako takwas a hannun wata masaniyar tsofaffin rubuce-rubucen Maya, wato al'ummar da ta gina tsofaffin birane irin su Palenque, sai na biya na shiga.

Da lissafi ta fara: ɗigo ɗaya ne, sanda biyar, ƙwanson katantanwa sifiri, ƙidayar kuma ashirin-ashirin take tafiya. Wannan a zama guda muka kama shi. Wahalar tana wajen alamomin. Malamar ba ta yarda da kallo kawai ba, sai kowa ya zana da hannunsa ya ɗauki hoto ya tura mata, ta gyara. Abin ya tuna mini da babbaƙu da farfaru a makarantar allo, kuma a ganina nan ne darajar kwas ɗin take.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne yadda aka warware rubutun. A 1562 wani limamin coci ɗan Sifaniya, Diego de Landa, ya sa aka ƙona littattafan Maya a garin Maní. Guda huɗu kacal aka sani sun tsira zuwa yau. Shi ɗin dai ya taɓa zaunar da wani marubucin Maya yana faɗa masa haruffan Sifaniyanci. Da ya ce "be", wato sunan harafin b, sai mutumin ya zana sawun ƙafa, domin "be" hanya ce a harshensu. Shekaru da yawa aka yi ana ganin jerin alamomin da mutumin ya zana shirme ne, sai a 1952 Yuri Knorozov, ɗan Tarayyar Sobiyet, ya gane cewa gaɓoɓin kalma ne alamomin, ba haruffa ba. Eric Thompson, babban masanin zamanin, ya yi ta sukar Knorozov har ƙarshen rayuwar shi Thompson ɗin. A 1960 kuma Tatiana Proskouriakoff ta nuna daga duwatsun Piedras Negras, wani tsohon birnin Maya a Guatemala, cewa tarihin sarakuna ne aka rubuta, haihuwarsu da hawansu gadon sarauta.

A mako na biyar aka ba mu hoton wata tukunya daga wani kabari da ke Río Azul a Guatemala. Na ga alamar kifi, na karanta "ka", na ci gaba a hankali: ka-ka-wa. Koko, wanda ake yin cakulan da shi! Malamar ta ce da aka gwada ragowar abin da ke cikin tukunyar, kokon aka samu. Wallahi sai da na tashi tsaye.

Akwai abin gyara. Bidiyoyin suna shan data sosai, kuma zaman kai tsaye ƙarfe ɗaya na dare yake faɗowa a agogonmu, sau uku ina rasa shi. Abin da ya fi damuna shi ne 'yan Maya na yau, miliyoyin da har yanzu ke magana da harsuna irin su K'iche' da Yucatec, darasi guda kawai aka ba su, alhali da harsunansu aka buɗe rubutun.

Mai son shiga ya tanadi fensir da takarda da yawa, ya sauke bidiyon tun da wuri. Ni na riga na sa suna a zagaye na biyu, inda za mu karanta rubutun kabarin Sarki Pakal na Palenque, wanda ya yi mulki daga 615 zuwa 683.