Matokarin raba tarakta da mai walda ya haɗa mini a Gadarif

Kulocin Massey Ferguson 290 ɗina ya ƙone ana gab da shukar dawa, a watan Yuli, lokacin da duk wani bakanike a nan Gadarif ta ƙasar Sudan sai ka bi layi kafin ya kalle ka. Wanda ya san tarakta ya san ba ta da sasi irin na mota. Inji da akwatin giya da aksil ɗin baya ne aka ɗaure da kusoshi, su ne ke riƙe da juna. To kuloci yana can tsakanin inji da giya, babu yadda za a kai gare shi sai an raba ta gida biyu. Da ma da gungumen itace da jak muke yi, kowa na addu'a. A wannan karon ƙanena ya ce mu je wurin wani usta mai walda a unguwar masu gyara, wai yana haɗa matokari na musamman.

Gaskiya tsarin ya burge ni. Ya yi guda biyu: ɗaya tsayayye mai faɗin ƙafa da ke zama ƙarƙashin akwatin giya, ɗaya kuma mai taya huɗu na tsohon boris da ke ɗaukar injin, yana gudu a kan ƙarfen kwana biyu da aka shimfiɗa. A saman kowanne akwai ƙatuwar kusa mai tiredi da noti, ka juya ya hau, ka juya ya sauka. Wannan ya fi jak nesa ba kusa ba, domin jak mai mai yakan riƙa sauka a hankali ba ka sani ba. Shi ne ma ya tuna mana mu cusa katako tsakanin aksil ɗin gaba da jikin injin ta hagu da dama, tunda aksil ɗin a kan kusa ɗaya yake lilo, kuma da zarar an raba, injin zai iya kifewa gefe. Muka sa waigi a tayoyin baya, muka cire batir da tiyon mai da sandunan totur, muka jera katako a ƙasa saboda baƙar lakar nan tamu ba ta riƙe nauyi in ta sha ruwa. Yara biyu suka tura gaban, ya tafi sumul kamar ana zare aljihun tebur. A ranar har shayi na aika wa usta.

Wurin mayarwa ne abin ya lalace. Sai sandar giya ta shiga haƙoran farantin kuloci daidai, tsayin inji da na giya su zo ɗaya, ba a yi mata dole. Bakanike yana ƙasa yana cewa a ƙara kaɗan, ni ina juya kusar, sandar ta fara shiga kenan sai muka ji ƙas! Waldar da ta riƙe notin ta ɓalle. Injin Perkins mai silinda 4 ya zauna kamar yatsa biyu, nauyinsa duka ya rataya a kan sandar. Allah ya kiyaye bakaniken ya ajiye gungume a ƙarƙashi, da hannunsa ya tafi. Sabon farantin da na sayo da kuɗin da kowa ya san yadda kayan gyara suka yi tsada tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, ya lanƙwashe a tsakiya.

Da muka juya notin muka duba, ɗigon walda uku kawai ustan ya yi masa ta ciki, ya shafe da baƙin fenti. Waje kuwa, inda ido ke gani, walda ce lafiyayya. Na koma da shi a hannu na ce, "Usta, wannan ne aikin da ka ce zai ɗauki lodi?" Ya ce wuta ce aka ɗauke ranar, yaronsa ne ya ƙarasa da janareta. Ko haƙuri bai ba ni da kyau ba. Nan ma na tuna ya saɓa mini alkawarin rana, kuma na roƙe shi ya huda rami na saka kusar tsaro ya ce ɓata ƙarfe ne. Ya sake waldar, amma maganar kuɗin faranti ya ce ba ruwansa. Maƙwabtana sun gama bin gonakinsu da diski, wato garmar da tarakta ke ja, ni ina yawon neman wani faranti a kasuwa.

Matokarin yana nan, wani maƙeri ya ƙara masa haƙarƙari da ramin kusa, har mutanen gonar da ke kusa da mu sun ara sun canza kulocinsu lafiya. Mai son irinsa ya zo ya auna nawa, ya kai wa wani, ya tsaya a kansa har a gama, kuma kada ya yarda a shafa fenti kafin ya ga cikin notin. Wurin wancan ustan dai ko ƙyauren kaji ba zan sake kaiwa ba.