Manhajar randebu a wurin gyaran jiki: awa ɗaya ce ta ɓata mana makon sallah

Tun watan Nuwamba na 2024 aka haɗa wata manhajar ɗaukar randebu da shafin intanet na wani wurin gyaran jiki na mata a Yantala, nan Yamai. Ɗaki uku ne, ma'aikata huɗu, ana tausa, dilka, halawa, turaren jiki da ƙunshi. Ni na yi haɗin, ni nake kula da asusun har yau. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Masu wannan harka sun san irinsu: daga Turai suke, da yuro ake biyansu, kuma ciwonsu kusan iri ɗaya ne.

Haɗin kansa bai ba da wahala ba. Shafin na WordPress ne, wato tsarin gina shafukan intanet, masu manhajar kuma hanya uku suke bayarwa: maɓallin da ke kai mutum shafinsu, ko ɗan guntun kod da ake mannawa ya buɗe tagar randebu a cikin shafinka, ko ƙaramar manhaja da ake girkawa a cikin WordPress ɗin. Ta biyu na ɗauka. Ta ukun tana yawan faɗa da abin nan da ke ajiye kwafin shafuka don su riƙa saurin buɗewa, sai mutum ya ga lokacin da aka riga aka ɗauka tun jiya yana nuna babu kowa. Abu ɗaya na gyara da hannu, wato tsawon tagar, don a kan waya maɓallin tabbatarwa yana ɓuya a ƙasa sai an ja sau biyu. Na kai shi piksel 900, aka huta.

Abin da ya sa na yi ta yabon ta watanni huɗu shi ne yadda ta fahimci ɗaki. Ɗaki ɗaya ne kawai mai wurin wanka, a nan ake dilka da halawa. Na sa wa dilka lokacinta, na ƙara minti 20 na wanke ɗaki da sauya zanen gado, na ɗaure aikin da wannan ɗakin. Ko ma'aikata biyu suna zaune ba aiki, idan ɗakin a cike yake manhajar ba ta ba kowa lokacin. Da littafi da biro ba a taɓa samun wannan tsari ba, Hajiya mai wurin ma ta shaida.

Sai ranar Lahadi 30 ga Maris 2025, wadda ta faɗo cikin kwanakin ƙaramar sallah. Wurin a rufe yake, aka buɗe ran Laraba 2 ga Afrilu, daidai lokacin da bukukuwan auren bayan azumi ke farawa, amare da ƙawayensu sun cika jadawali. Tun ƙarfe 8 na safe wata ta zo daga Harobanda, ta ƙetaro gada da sassafe, ta iske ƙofa a kulle, alhali saƙon da ke wayarta ya ce ƙarfe 8. Wurin ƙarfe 9 yake buɗewa. Da yamma mata biyu suka zo dilka ƙarfe 5 a ɗakin nan guda, kowace da gaskiyarta. Kwana biyu ana ɗora laifin a kan yarinyar da ke zama a teburin karɓar baƙi, ana cewa ba ta duba allo da kyau. Ba laifinta ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai a cikin lamarin duka.

Ga abin da ya faru. Lokacin buɗe asusu, da na zaɓi harshen Faransanci, manhajar ta sa agogon wurin a kan lokacin Paris da kanta, ba ta tambaya ba, ba ta nuna ba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Paris da na Yamai ɗaya ne, dukansu awa ɗaya gaba da GMT, shi ya sa babu wanda ya ga wani abu tun Nuwamba. Amma Faransa tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Nijar ba ta taɓa agogonta. Daga daren nan, ƙarfe 9 na cikin manhajar ya zama ƙarfe 8 na nan.

Tagar da ke kan shafin kuma tana duba agogon wayar mai shiga, ta nuna masa lokaci da nasa. To, mai randebu tana ganin ƙarfe 4, saƙon tabbatarwa ya ce ƙarfe 4, allon teburin baƙi yana nuna ƙarfe 5. Wadda ta kira ta waya ta ce tana son ƙarfe 5, yarinyar ta rubuta 5 a allonta, wanda a gaskiya ƙarfe 4 ne na Yamai. Ƙarfe 5 na gaskiya ya zauna a buɗe a kan intanet, wata ta ɗauke shi. Haka mata biyu suka haɗu a ƙofar ɗaki ɗaya, manhajar kuwa a lissafinta babu karo. Awar ƙarshe ta yamma, wadda ma'aikatan gwamnati da na banki suka fi so bayan tashi daga aiki, ta ɓace daga shafin gaba ɗaya. Lokacin da na toshe don sallar Juma'a, daga ƙarfe 1 zuwa 2 da rabi, ya zame ya koma 12 zuwa 1 da rabi, ran 4 ga wata aka samu mai son tausa ƙarfe 1 da rabi. Abin da ya tona asirin shi ne kalandar Google Agenda da ke wayar ɗaya daga cikin ma'aikatan: tata wayar tana nuna 4, allon tebur yana nuna 5, randebu ɗaya, mutum ɗaya.

Gyaran ma yana da tarko, don haka duk wanda ya samu kansa a ciki ya bi a hankali. Kafin a taɓa komai, a fitar da jerin duk randebun da ke gaba, a ware waɗanda suka shigo ta shafi da waɗanda aka rubuta da hannu a tebur. A rufe ɗaukar randebu ta intanet na ɗan lokaci. A kashe saƙonnin sanarwa, in ba haka ba duk randebun da aka matsar sai mai shi ta samu saƙon cewa an sauya mata lokaci, waya ta yi ta ƙara har dare. Sannan a sauya agogon. Da zarar an sauya, waɗanda suka shigo ta shafi za su zauna daidai da kansu, domin lokacin da mai randebu ta gani shi ne na gaskiya. Na hannun ne za su koma baya da awa ɗaya, kuma sai an tura kowane gaba ɗaya bayan ɗaya. A wurinmu guda 31 ne. Bayan nan a sake duba awannin aiki na kowace ma'aikaciya da duk ranakun da aka toshe.

Wajen zaɓar sabon agogon a kula. A jerin wannan manhajar babu Yamai. Hannu yakan tafi kai tsaye ga Wagadugu, Bamako ko Dakar don su ne maƙwabtan da muka saba, amma su suna kan GMT daidai, awa ɗaya bayanmu duk shekara, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Legas za a zaɓa, agogonmu ɗaya da Najeriya, Benin da Cadi. Kuma wuri uku ake dubawa: cikin manhajar, cikin WordPress a Réglages, Général, Fuseau horaire, da cikin Google Agenda na wurin. Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci a ganina, a kashe nuna lokaci da agogon wayar mai shiga, a kulle shi a kan agogon wurin. Wannan zaɓin an yi shi ne don masu ganawa ta bidiyo daga ƙasa zuwa ƙasa. Mai zuwa tausa da ƙafarta take zuwa Yantala, ba ruwanta da agogon wani gari. Akwai masu kama randebu tun suna Faransa ko Beljiyam kafin su zo hutu, akwai kuma wayoyin da aka saita musu agogo da hannu a kasuwa aka bar yankin a kan wata ƙasa daban. Duk waɗannan lokacin ƙarya za su gani muddin ba a kulle ba.

Na yarda da nawa rabon laifin, ya kamata in buɗe wannan shafin saiti tun ranar farko. Amma adireshin wurin yana cikin asusun, an rubuta Niamey, Niger, lambar waya ta fara da 227. Manhajar da ta iya lissafin minti 20 na wanke ɗaki ba za ta kasa lura cewa adireshi da agogo ba su jitu ba. Na rubuta wa kamfanin ran Alhamis da hotunan allo biyu, amsa ta zo ran Litinin, layi uku, suna nuna mini inda maɓallin yake, wanda na riga na gano da kaina. Na tambaye su ko akwai hanyar matsar da randebu da yawa a lokaci guda, suka ce babu. Ko kalmar ban haƙuri ba su sa ba.

Tun daga nan sauran ƙananan abubuwan da nake haɗiyewa suka dawo mini. Akwatin lambar waya yana jiran lamba goma irin ta Faransa, namu kuwa takwas ne. Sai an shiga an sauya ƙasar da ke fitowa da farko zuwa Nijar, in ba haka ba mace ta cika komai, a ƙarshe a ce lambarta ba daidai ba ce, ta rufe shafin ta kira. Adireshin imel dole ne, ba a iya cire shi. Mata nawa ne a cikin masu zuwa ƙunshi suke buɗe imel? Wasu na ɗansu suke sawa, wasu su ƙirƙiri na ƙarya don su wuce, tunatarwar ta tafi inda ba mai gani. Saƙon SMS kuɗinsa daban, da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, kuma wasu saƙonnin sai bayan lokacin ya wuce suke isowa. WhatsApp da kowa ke dubawa babu shi a tsarin da muke biya. Har yanzu yarinyar tebur ce ke bin kowace da saƙo da hannu kowane dare.

Kafin alƙalami kuwa, wanda shi ne maganin masu kama wuri su ƙi zuwa, ta katin banki kaɗai ake karɓarsa. Ba Airtel Money, ba Moov Money, ba Nita, ba Amana. Dabarar da muka yi ita ce mu sa randebun dilka da na amare su tsaya a matsayin mai jiran amincewa, saƙon farko ya ɗauki lambar da za a tura jikka biyu, a ƙara akwati a fom inda za a rubuta lambar shaidar turawa. Idan awa uku ta wuce ba kuɗi, a saki lokacin. Yana aiki, amma mutum ne ke yin sa, ba manhajar da ake biya ba.

Sai batun kalanda. Hanya biyu ce ta haɗa ta da Google Agenda. Idan aka manna adireshin iCal kawai, wato mahaɗin da kalanda ke karanta randebu da shi, kalandar ba ta ɗauko sabon abu nan take, tana iya yin awanni, kuma abin da ma'aikaciya ta rubuta a wayarta ba ya komawa cikin manhajar. Haɗin da ke tafiya ta ɓangare biyu sai an shiga da asusun Google na kowace ma'aikaciya an ba da izini, shi kuma sun ajiye shi a tsari mai tsada. Dole muka hau. Idan aka janye izinin, haɗin yana iya yankewa shiru, don haka duk ranar Litinin nake duba shi. Kuma tunda komai a intanet yake, ranar da wuta ta ɗauke aka rasa rezo, allon tebur fari fat. Kowace safiya ana buga jadawalin ranar a takarda a manna bayan ƙofa.

Da a watan Fabrairu aka tambaye ni, biyar cikin biyar zan ba ta. Yanzu biyu da rabi, kuma rabin nan don ɗakin wanka ne. Mun biya shekara, za mu ƙarasa ta, amma na fara gwada wasu. Ƴar uwa mai wurin gyaran jiki, ko ɗan uwa mai haɗa mata shafi, kafin ku biya kowace irin wannan manhaja ku yi gwaji ɗaya a kwanakin gwaji na kyauta: ku kama randebu biyu daga wayar da ba ta wurin ba, ɗaya a Janairu, ɗaya a Yuli, dukansu ƙarfe 4 na yamma. Ku duba saƙon da ya zo, allon tebur da kalandar ma'aikaciya. Idan ko ɗaya ya ce 3 ko 5, kada ku buɗe shafin ga jama'a sai kun gyara agogon.