Yaron da ke maimaita wasa ɗaya: yaushe koyo ne, yaushe za a ga likita?

'Yar'uwa, kin tambaya ko akwai matsala tattare da ɗanki mai shekara 2 da ke yini yana jefa cokali ƙasa, ko yana jera murafan kwalba. Maimaici iri biyu ne, kuma ana bambance su ta yadda yaron ke yin wasan, domin yawan maimaicin kaɗai ba ya nuna komai.

Na farko shi ne na koyo, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya nuna cewa ƙaramin yaro da hannunsa yake fara tunani, sannan masaniyar ilimin yara Chris Athey ta bibiyi yara a Landan a shekarun 1970, ta ga cewa maimaicin nasu yana da tsari: wani jifa ne ya ɗauke masa hankali, wani jigilar kaya daga kusurwa zuwa kusurwa, wani kuma nannaɗe abu a tsumma ko juya duk abin da ke juyawa. Alamar wannan nau'in ita ce wasan yana sauyawa a hankali. Yau cokali ya jefa, gobe takalmi, yana sauraron bambancin ƙararsu, yana ɗago kai ya dubi fuskarki, kuma idan kin sa hannu a wasan zai yi maraba da ke. A ganina hana irin wannan yaro asara ce. Gara a ba shi ƙwallo mai laushi da kwando ya ci gaba da gwajinsa.

Na biyun kuwa ba ya motsawa daga wuri ɗaya. Yaron zai daɗe yana juya tayar motar wasa ba tare da ya kula da kowa ba, kuma idan aka taɓa jerin da ya yi sai ya shiga tashin hankali mai wuyar lallashi. Wannan ma shi kaɗai bai isa hujjar galahanga (wato autism, yanayin da ke shafar mu'amalar yaro da maganarsa) ba, sai an haɗa da wasu alamu: ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ya wuce wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ko ya daina faɗin kalmomin da ya riga ya iya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar a duba kowane yaro game da galahanga a wata 18 da wata 24.

Idan kin ga waɗannan alamu, ki kai shi wurin likitan yara ba tare da jinkiri ba, kuma ki nemi a gwada jinsa, domin matsalar kunne ma kan hana yaro amsa kira.