Sikanar hannu mai karanta ABS: abin da take yi da inda take tsayawa

Na'urar da nake sharhi a kanta ita ce sikanar hannu mai allo da igiyarta, irin wadda ake soka wa a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wato OBD2. Abin da ya bambanta ta da ƙananan masu haɗuwa da waya ta Bluetooth shi ne tana shiga kwamfutar birki. Yawancin ƙananan nan lambobin matsalar inji kawai suke gani, masu farawa da P. Lambobin birki da C suke farawa, na katsewar sadarwa tsakanin kwamfutocin mota kuma da U. Shi ya sa mutum zai ga fitilar ABS, wato tsarin hana taya kullewa in an taka birki, tana ci, ya soka ƙaramar na'ura ta ce masa babu matsala. Wannan kuwa ta karanto lambobin C a duk motocin da na gwada ta, kuma nan ne darajarta ta farko.

Kafin a ɗauko ta, a duba launin fitilar. Ruwan ɗorawa mai rubutun ABS na nufin tsarin hana taya kullewa ya kashe kansa, amma birkin yana kamawa. Sai dai a kan santsi taya za ta iya kullewa ta ja. Ja mai alamar motsin rai a cikin da'ira wani zance ne daban: ko birkin hannu bai sauka sosai ba, ko man birki ya yi ƙasa. Wannan ba aikin sikana ba ne, aikin ido ne. A buɗe bonet a duba robar man, tsakanin MIN da MAX. In ya sauka kaɗan, galibi fad ne ya cinye. In ya sauka da yawa, akwai inda yake yoyo, kuma ƙara mai ba gyara ba ne. In ja da ruwan ɗorawa suka kama tare, ko feda ta yi laushi tana nutsewa, a ajiye motar. Idan za a ƙara mai, a bi abin da ke rubuce a murfin, DOT 3 ko DOT 4, kada a haɗa su da DOT 5.

Fitila mai hoton mota da zane biyu a karkace a bayanta ita ce ta hana zamewa, wadda Toyota ke kira VSC, Honda VSA, BMW DSC. In tana ƙiftawa lokacin da taya ke sulɓi, aikinta take yi. In ta tsaya a kunne, to tsarin ya kashe kansa, kuma sau da yawa tare da ABS suke kamawa domin sensa ɗaya suke dogaro da ita, ta gudun taya.

A nan ne sikanar ta fi burge ni. Lamba kamar C0035 tana nuna da'irar sensar tayar gaba ta hagu, C0040 ta gaba ta dama, C0045 da C0050 na baya. Tsofaffin Toyota suna amfani da nasu, daga C0200 zuwa C0215. Amma lambar ta ce da'ira ne, ba ta ce sensa ta mutu ba, kuma mutane da yawa a nan suke asarar kuɗi. Abin yi shi ne a shiga sashen bayanan kai-tsaye, a zaɓi gudun tayoyi huɗu, wani ya tuƙa a hankali a miƙe, kai kana kallon allo. Su huɗun su tafi daidai. Wadda ta tsaya a sifili tun farko, a nemi waya da ta tsinke ko soket da ya yi tsatsa. Wadda ke faɗuwa sifili sai an juya sitiyari ko an faɗa rami, wayarta ce ta karye a cikin roba, yawanci inda take lanƙwasa kusa da shokozoba. Wadda ke ɓacewa a ƙaramin gudu kawai, a duba zoben haƙora da sensar ke karanta gudun taya daga gare shi ko ya tsage, ko ƙurar ƙarfe ta taru a bakin sensar, ko boris ya yi lako har tazarar ta canza. Motocin zamani da yawa zoben maganaɗisu ne a jikin boris ɗin kansa, a gefe ɗaya kawai. In aka buga sabo a juye, fitila za ta kama da zarar an motsa.

Mitar auna lantarki tana taimakawa, amma da sharaɗi. Tsohuwar sensa mai naɗin waya tana ba da kamar 800 zuwa 2,000 na om, wato ma'aunin turjiyar lantarki, a kwatanta da ta ɗaya gefen. Sabuwar da kwamfuta ke ba wa wuta ba a auna ta haka, sakamakon zai ruɗe ka.

Wani abin da na ji daɗinsa shi ne tana nuna ƙarfin batir a saman allo. Batir mai lafiya yana kusa da volt 12.6 mota a kashe, 13.5 zuwa 14.5 tana aiki. Idan lambobi suka zo da yawa lokaci guda, har da irin su U0121 mai nuna katsewar sadarwa da kwamfutar ABS, a fara da batir, kawunansa, wayar as mai haɗa batir da jikin mota, da fiyus kafin a zargi kwamfutar ABS, wadda ita ce mafi tsada kuma ba ita ta fi yawan lalacewa ba. Haka a Toyota, C1201 cewa take yi matsalar a inji take, VSC ta kashe kanta ne saboda ita. Makunnin fitilar birki da ke saman feda in ya lalace, da tayoyi masu girma daban-daban, su ma suna kunna fitilun nan.

Inda ta gaza: bayanin lambobin gajere ne ƙwarai, wani lokaci sai ta nuna lamba kawai babu fassara. Allon yana jinkiri in an zaɓi bayanai da yawa, don haka a bar tayoyi huɗun kaɗai. Saita sensar kusurwar sitiyari bayan alaimen, da kunna famfon ABS don fitar da iska, ba a kowace mota suke aiki ba. A duba jerin motocin da ta ɗauka kafin a saya, da shekara da samfuri.

Maɓallin goge lambobi ne nake so a yi hattara da shi. A rubuta lambar tukuna, a gyara, sannan a goge, a tuƙa motar ta wuce gudun kilomita 30 a awa domin tsarin ya sake gwada kansa. In fitilar ta dawo, gyaran bai kai ga tushen ba. Ga bakanike ko mai mota da ke iya cire taya ya bi waya da hannu, ina ba da shawarar a saye ta. Wanda zai karanta lamba kawai ya je ya sayo sensa, gara ya kai motar wurin mai wayarin da ya iya karanta gudun tayoyi.