Sharhi kan Proxmox VE: Yadda Yake Fuskantar Matsalolin Allo da Madannai

Proxmox VE manhaja ce da wani kamfani da ke Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, ya fara fitarwa a shekarar 2008. An gina ta a kan Debian, wani nau'in babbar manhajar Linux, kuma tana amfani da manhajojin KVM da QEMU wajen gudanar da kwamfutocin kwaikwayo, waɗanda ma'aikata ke kira VM, a kan sabar guda. Wannan sharhi ya taƙaita ga sashe ɗaya nata, wato tagar da ake leƙa VM da ita, domin a nan ne ake gane ingancin irin wannan manhaja ranar da hanyar sadarwar VM ta yanke, hanyoyin shiga kwamfuta daga nesa irin su SSH da RDP suka ƙi aiki, ba abin da ya rage sai allon da sabar ke nunawa.

Babban abin da ya sa nake ganin darajarta shi ne ta tanadi hanyoyi uku daban-daban na shiga VM, wato noVNC da SPICE da xterm.js, kuma da yake kowace da irin aikinta, idan ɗaya ta gaza sauran biyun sukan nuna inda cutar take. noVNC ita ce ta farko, ba ta buƙatar a saka komai, burauza kawai ake buɗewa a shiga shafin sabar ta ƙofa mai lamba 8006, a ga VM tun daga lokacin da take tashi. A gefen tagar akwai maɓallan Ctrl da Alt da Tab da Esc da kuma Ctrl+Alt+Del, kuma ba don ado aka sa su ba, saboda burauza kan tare wasu haɗe-haɗen madannai kafin su isa VM. Wanda ya danna Ctrl+W yana nufin goge kalma a cikin Linux zai iya ganin shafin nasa gaba ɗaya ya rufe.

Matsalar madannai ce ta fi cin lokacin mutane, kuma tana da tushe a tsarin VNC kansa, wato tsarin nuna allo daga nesa da noVNC ke amfani da shi. Asalin tsarin yana aika alamar harafin da aka buga ne, alhali VM tana jiran lambar maɓallin da aka danna, kamar yadda allon madannai na gaske ke aikawa. Saboda haka sai QEMU ya mayar da harafi zuwa lambar maɓalli bisa wani jadawali, babbar manhajar da ke cikin VM, kamar Linux ko Windows, kuma ta sake mayar da lambar zuwa harafi bisa nata jadawalin. Idan jadawalan biyu suka saɓa, mai madannan Jamus zai buga z ya ga y, mai na Faransa zai buga a ya ga q, alamomin da ake fitarwa da maɓallin AltGr, irin su @ da |, su ɓace ko su rikiɗe. Abin ya fi muni a wurin kalmar sirri, inda ba a ganin abin da ake rubutawa, sai mutum ya yi ta maimaitawa yana zargin kansa da mantuwa. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a buga alamomin da ake shakka a gurbin sunan mai shiga, inda haruffa ke bayyana, nan take a ga wanda ya sauya.

Proxmox ya yi daidai a nan, domin noVNC ɗinsa yana amfani da ƙarin da QEMU ya yi wa tsarin, wanda ke aika lambar maɓalli kai tsaye, don haka abin da ake buƙata kawai shi ne a daidaita tsarin madannai a cikin VM da allon da ke gaban mutum. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne, zaɓin tsarin madannai yana nan a fili cikin saitunan kowace VM, kuma duk wanda ya ga harafi ya sauya can zai fara nufa, alhali takardun manhajar da kansu sun nuna cewa galibi ba a buƙatarsa, an fi son a daidaita daga cikin VM. Da an rubuta wannan gargaɗi a gefen zaɓin, da an rage wa sababbin ma'aikata wahala mai yawa.

Batun linzami ba shi da tsawo. Zaɓin da ke sa VM ta karɓi ainihin matsayin kibiya a kunne yake tun farko, kuma idan aka ga kibiya biyu suna bin juna a allo, yawanci wani ne ya kashe shi.

Baƙin allo kuwa yana da dalilai da dama, kuma a nan manhajar ta ba da kayan aiki isassu. Saƙon QEMU da ke cewa VM ba ta kunna allonta ba tukuna yakan nuna cewa tashin ya tsaya da wuri, tun kafin a kai ga babbar manhaja. Idan kuma hoton ya ɗauke ne bayan Linux ya fara lodi, to galibi direban allo ne, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa allon, sai a ƙara kalmar nomodeset a layin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, ko a sauya nau'in allon daga VirtIO-GPU ko qxl zuwa VGA na gama-gari. Wanda ya miƙa wa VM katin hoto na zahiri ya kuma mai da shi na farko, kada ya yi tsammanin ganin komai a noVNC, domin hoton ya koma wancan katin. Akwai wani abu da ya kamata a kiyaye: sauyin nau'in allo ba ya aiki idan aka sake tayar da VM daga cikinta, sai an kashe ta gaba ɗaya an kunna, ko a yi amfani da maɓallin sake tayarwa na Proxmox. Shafin yana nuna sauyin da ke jira da launi daban, abin da na yaba ƙwarai.

SPICE, wanda kamfanin Qumranet ya ƙirƙira kafin Red Hat ya sayi kamfanin a 2008, ya fi dacewa da mai aiki a Windows ko tebur na Linux na tsawon lokaci, saboda yana ba da sauti da kwafe rubutu da allo fiye da ɗaya. Sai dai yana buƙatar a saka manhajar virt-viewer a kwamfutar mutum, a buɗe ƙofa ta 3128, a kuma saka direba da manhajar spice-vdagent a cikin VM, don haka ba shi ne abin dogaro a lokacin gaggawa ba.

Hanyar da na fi ba wa daraja ita ce ta uku. Da umarnin qm set 100 -serial0 socket, inda 100 ke matsayin lambar VM, tare da ƙara console=ttyS0 a GRUB, ana samun tagar rubutu zalla ta xterm.js, wadda ba ruwanta da direban allo ko jadawalin madannai, kuma ana iya liƙa doguwar kalmar sirri a cikinta ba tare da kuskure ba. Aibinta ɗaya shi ne dole a shirya ta tun VM na lafiya. Ga mai gudanar da sabobin Linux, ina ba da shawarar Proxmox VE ba tare da shakka ba, bisa sharaɗin ya sanya wannan saiti a cikin samfurin da yake kwafo sababbin VM daga gare shi, ya kuma bar zaɓin madannai yadda ya same shi.