Sharhi kan ASK 21, jirgin koyo mara inji

Tun da na dawo Jidda daga kwas a Jamus, abokan aiki a wurin gyaran jiragen sama ke tambayata wai da gaske na hau jirgi mara inji. Na hau, kuma ga abin da na gani.

Sunansa ASK 21. Kamfanin Alexander Schleicher ke ƙera shi a garin Poppenhausen tun 1979, kuma harafin K ɗin na Rudolf Kaiser ne, injiniyan da ya zana shi. Jirgin ne ya gaji ASK 13, wanda gangar jikinsa bututun ƙarfe ce da aka lulluɓe da yadi, fukafukansa kuma katako. Wannan kuwa da faiba aka yi shi, sumul. Daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin mita 17 ne, nauyinsa ba kowa a ciki kusan kilo 360.

Ɗalibi a gaba, malami a bayansa, kowa da sandar tuƙinsa. Wani inji a ƙarshen fili ya fizge mu da doguwar waya, hanjina ya kaɗa, kafin in gama salati an saki wayar. Sai ƙarar iska kawai. A jikin gilashin, daidai gaban idona, an manna wani guntun zaren ulu. In ya karkace, to ƙafarka da hannunka ba su jitu ba. Ni da na saba da na'urori masu tsada, zaren nan ya fi komai tona min asiri.

In iska ta lafa, duk mita ɗaya da jirgin ya sauko ya ci kusan mita 34 gaba. Ya samu iska mai ɗumi da ke tashi kuwa, sai a yi ta kewaya a cikinta kamar shirwa.

Abin da ya fi burge ni haƙurinsa. Malamin ya sa na ja sanda har gudu ya mutu, jirgin ya ɗan yi rawa, ya sunkuyar da hanci a hankali, shi ke nan. Haƙurin ma har ya so ya yi yawa: ba ya saurin shiga jujjuyawar nan mai hatsari, don haka in za a koya wa ɗalibi yadda ake fita daga cikinta, sai an ɗaura masa ƙarin nauyi a wutsiya. A ganina gara haka ga ɗan koyo.

Ƙorafina na kan masu filin ne. Sun bar ni a tsaye tun hantsi, tashin kuma bai daɗe ba. Sannan ko a can rana na dukan mutum ta gilashi, balle a ce Jidda ce a watan Agusta. Wanda hanya ta kai shi ya gwada, amma ya tafi da hula da ruwa, kuma kada ya cika ciki kafin ya hau.